Zagaye biyu a filin Ahmadu Bello

Asabar, tsakiyar hunturu.

Ana idar da sallar asuba ɗan yayata ya buga mini ƙofa. "Kawu, yau ne fa gwajin." Muka tari Keke Napep daga Tudun Wada, hazo ya rufe gari, sanyi yana ratsa rigar sanyin ma. Kafin rana ta fito muna filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna.

Shekararsa 17. Da ƙwallo ya fara, kamar kowane yaro a layinmu, har malamin wasanni na makarantarsu ya lura cewa idan sauran sun zube suna haki, shi ko gumin kirki bai yi ba. Shi ya raba shi da ƙwallo ya sa shi gudun mita 800. A lokacin har kuka ya yi.

Wanda bai taɓa tsayawa bakin fili ya kalli wannan tsere ba zai ce ai zagaye biyu ne kawai. To zagaye biyun nan ne ke kayar da maza. Ya fi ƙarfin a kwasa da gudu ɗaya tun daga fari, kuma bai kai tsawon da mutum zai yi lamɓo ya huta a hanya ba. Bara yaron nan fita yake kamar an tsinke wa ɗan akuya igiya, ya wuce kowa a zagayen farko, idan aka zo wajen mita 600 ƙafafunsa su yi nauyi, a zo a wuce shi ɗaya bayan ɗaya.

Yau ba haka ya yi ba. Da suka karya kwanar farko suka gangaro layin ciki, sai ya laɓe a bayan na biyu. Na ji haushi har na fara ɗaga murya, kocinsu ya ɗaga mini hannu: "Alhaji, bar shi, ya san abin da yake yi." Aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe yana nan inda yake. Sai da ya rage mita 200 ya buɗe ta waje. Wallahi ban san lokacin da na sauko daga kan benci ba. Ya shigo na ɗaya, agogo ya nuna minti 1 da daƙiƙa 57. Bara ko minti biyu bai iya karyawa ba.

Da numfashinsa ya dawo, kocin ya zaunar da su ya yi musu lissafi, kuma na ji daɗin yadda bai ruɗe su ba. David Rudisha na Kenya ya kafa tarihin duniya a Landan a 2012 da minti 1 da daƙiƙa 40.91. Emmanuel Wanyonyi, wanda ya taso yana kiwon shanu, ya ci zinare a gasar Olympics ta Paris a 2024 yana ɗan shekara 20, da minti 1 da daƙiƙa 41.19. Kocin ya ce da a tsere ɗaya suke, lokacin da waɗannan za su gama, yaronmu yana da sauran fiye da mita 100. Yaron bai karaya ba, tambaya ya yi: me suke ci, sau nawa suke atisaye?

Abin da ke damuna shi ne an fi sanin Najeriya da gajeren gudu, irin na Tobi Amusan da ta kafa tarihin duniya a 2022. Matsakaicin zango kuwa mun bar wa Kenya da Habasha da Maroko, alhali ga yaranmu nan da ƙirar abin, ga tsaunukan Jos kusa da mu. Kocin yana so ya kai shi can idan an yi hutu, don gudu a tudu yana ƙarfafa numfashi.

Bayan la'asar na je wurin mahaifiyarsa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Duk na ji. Jarrabawar WAEC fa?" Na ce, "Yaya, ni zan tsaya a kan karatun." Ta yi shiru, can ta ce ya je Jos ɗin, amma da littattafansa a jaka, kuma a gidan ɗan'uwa zai sauka.

Takalmin da ya yi gudun yau da shi na aro ne, ya matse masa yatsu. Jibi in Allah ya kai mu za mu shiga Kasuwar Barci mu nemo mai ƙusa daidai ƙafarsa.