Wasiƙa daga Falmouth: masu waƙa ba ganga

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina lafiya, da fatan kowa lafiya. Tun da na tura bidiyon dattawan nan masu waƙa a bakin teku, tambaya ɗaya ake ta jefo mini: wai ina makaɗansu? Bari in amsa gaba ɗaya, in kuma taɓa maganar haya da abinci da Yaya ya tambaya.

A Falmouth na ɗauka, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, a yankin Cornwall. Duk shekara a watan Yuni ake bikin waƙoƙin ma'aikatan jirgin ruwa, waɗanda suke kira shanti. Kada ku ji Yuni ku zaci zafi ake yi. Sanyin nan ba irin hunturunmu ba ne mai busar da leɓe. Jiƙaƙƙiyar iska ce ke tasowa daga teku, ta ratsa riga uku ta sami ƙashi. Yayyafi ya sauko, ya ɗauke, kafin ka naɗe lema ya dawo, lemar ma iska ta birkice ta. Awa biyu na yi a tsaye, yatsuna suka sandare, shi ya sa kuka ga hoton yana rawa. Amma ko mutum ɗaya bai bar wurin ba.

Makaɗa kuwa, yawanci babu su, don waƙar aiki ce. A ƙarni na 19, lokacin da iska ke tura manyan jirage, sai ƙarti sun taru kan igiya ɗaya kafin su ɗaga ƙyallen jirgin. Ɗaya ya ba da waƙa, saura su amsa, a kan amshin ne kowa ke fizga lokaci guda. Da jirage masu inji suka zo, aikin ya mutu, amma mutanen nan suka ƙi sakin waƙar. Wasu masunta da abokansu daga ƙauyen Port Isaac, masu suna Fisherman's Friends, a bakin ruwan garinsu suka fara, a 2010 babban kamfanin waƙoƙi ya ɗauke su, a 2019 har fim aka yi a kansu. A ƙarshen 2020 kuma Nathan Evans, mai raba wasiƙu a Sikotilan, ya rera guda a TikTok, yara suka kama.

Wani dattijo mai farin gemu ne ya karya mini zuciya. Idonsa a rufe, hannu a kunne, yana dira ƙafa daidai inda da za a ja igiya, jikarsa na riƙe da gefen rigarsa tana amshi. Nan take na ji lugude a tsakar gidanmu, Inna da Goggo kan turmi ɗaya, ana cilla taɓarya a tafa a cafe. Na yi ta ƙoƙarin tuno baitin da Goggo ke farawa da shi, ya ƙi zuwa. Tun da injin niƙa ya shigo unguwa ban sake jin sa ba.

Auta, in kin leƙa gida ranar Juma'a, ki zauna kusa da Goggo ki kunna rikodar wayarki. Kada ki ce ta yi waƙa, kunya za ta ji. Ki jawo turmi ki fara daka, za ta karɓa da kanta.

Haya akwai tsada, Yaya, sai wasiƙa ta gaba. A sako mini kuka da daddawa idan an sami mai zuwa.