Tafiyar Neman Hedifon da Ba Ya Sokar Kunne

Jirgin ƙasan ya tashi bayan magariba, tafiyar awa tara ce a gabanmu. A jakata babu wani abin kirki sai kayan sawa kala biyu, da wayata, da ƙaramar amfilifaya, da tsohon hedifon ɗina wanda shi ne sanadin tafiyar. Gyaran sauti ne sana'ata: hirarraki da karatun da aka naɗa, ni ke zama in tsabtace su, wani lokaci awa shida ko bakwai a rana abin yana kaina. Ranar da na sayi wannan hedifon na yi murna ƙwarai, domin komai ya fito tar, har numfashin mai magana ina ji. Wata biyu ba su cika ba na fara lura cewa kafin la'asar kunnena ya ɗauki zafi, kowane "s" da "ts" na shigowa kamar tsinin allura, in na cire shi kuma sai in ji wani shuuu ya saura a kaina. Da na ji za a yi taron baje hedifon a wani babban birni, inda mutum zai zauna ya gwada da kunnensa, ban yi wata-wata ba na yanki tikiti.

Wani dattijo ne ke kujerar da ke fuskantar tawa. Ya daɗe yana kallon yadda nake sa hedifon in cire, in murza kunne, in sake sawa.

"Ɗana, abin nan yana cizonka ne?"

"Wallahi Baba, kamar ka sani."

Ashe a ɗakin naɗar sauti ya ƙare aikinsa kafin ya yi ritaya. Ya karɓa ya sa, na kunna masa wata hira, bai yi minti ɗaya ba ya miƙo min. Ya ce shi bai ji kaifin sosai ba, domin shekaru sun cinye masa sautin sama, amma ya san irinsa. Daga nan hira ta ɓarke. Ya tuna min abin da na sani amma ban taɓa haɗa shi da ciwona ba: ramin kunnen mutum bai fi santimita biyu da rabi ba, kuma shi da kansa yake ƙara wa sautin da ke wajajen 3,000 Hz ƙarfi (Hz ma'auni ne na sauti: yawan lambar, sirantar sautin). Tun 1933 masana sauti biyu, Fletcher da Munson, suka nuna cewa a wannan yankin kunne ya fi saurin ji. Su kuwa haruffa masu shishita, irin su s da sh da ts, suna zaune ne sama kaɗan, wajajen 5,000 zuwa 8,000 Hz. Idan maƙerin hedifon ya ɗaga wannan wurin don abin ya yi sheƙi, mai saye zai ji kamar an wanke masa kunne. Sai an kwana biyu ake gane an ɗauko ƙaya.

Kafin ya sauka a tashar da ke tsakiyar hanya, da tsakar dare, ya bar min shawara ɗaya: kada in yanke hukunci a kan kowane hedifon da bai yi rabin awa a kaina ba.

Mun shiga birnin da asuba. Na ajiye kaya a masauki, na watsa ruwa, da hantsi na nufi zauren. Tebura ne jere reras, kowanne da hedifon uku ko huɗu a rataye, wayoyi sun sarƙe a ƙasa, mutane na zaune ido rufe suna kaɗa kai, wasu na tsaye a bayansu suna jiran layi. Hayaniyar wurin kanta matsala ce, domin yawancin manyan hedifon masu buɗaɗɗen baya ne, sautin waje na shiga, na ciki na fita. Kamfanin Sennheiser ne ya fara fito da wannan ƙirar a 1968 da hedifonsa HD 414, kuma har yau masu son sauti mai sarari ita suke bi. Sai na nemi teburan da ke can ƙurya, nesa da ƙofa.

Na zo da abin gwajina. Ban da kiɗa biyu da na san su ciki da waje, akwai muryar wata mai karatu da na naɗa da gangan tana maimaita jimla ɗaya: "Da sassafe tsuntsaye suka sassauka, suna tsalle-tsalle a kan shinge." Duk hedifon da ke da ƙaya, wannan jimlar sai ta tona shi. Hausa ta dace da irin wannan gwaji, don harshe ne mai yawan s da ts.

Na farko da na sa, ba zan ambaci sunansa ba, ya kusa sace min zuciya. Faɗi, haske, kowace igiyar kiɗa a wurinta. Na duba agogo kamar yadda dattijon ya ce. A minti na biyar ina murmushi. A na goma sha biyu na kama hannuna yana rage ƙara ba tare da na yi niyya ba. Wannan ita ce alamar da na koya a ranar, kuma ita na riƙe har ƙarshen taron: in hannu ya tafi wajen rage ƙara alhali muryar ba ta yi yawa ba, to wani siririn wuri ne a sama ke sukar kunne, kai kuma kana rage komai don ka tsere masa. Na kunna jimlar tsuntsaye, "sassafe" ta fito kamar ana yaga takarda. Na ajiye shi.

Akwai wata yaudara kuma da ta kusa kama ni. Hedifon biyu a tebur ɗaya, ɗaya ya fi ɗaya ƙara da ɗan kaɗan, nan take kunne zai ce mai ƙarar ya fi daɗi. Dole sai ka daidaita ƙarfinsu kafin ka kwatanta. Kuma a zaure mai hayaniya mutum kan ƙure ƙara bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar desibel 80 (ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa 40 a mako ga babba. Ga wanda kunnensa ne jarinsa, wannan ba ƙaramar magana ba ce, shi ya sa nake fita waje in huta bayan kowane gwaji biyu.

A teburin Sennheiser na fi daɗewa da rana. Sun jera HD 600 na 1997 da HD 650 na 2003, tsofaffi biyu da har yanzu ake ƙera su, nauyin kowannensu wajen giram 260. Na sa HD 650, na kunna muryar matar. Tsuntsayen suka sauka lafiya. "S" ɗin na nan, ba a ɓoye shi ba, amma ya zo da laushi, muryar kuma ta matso kusa kamar mai karatun na zaune a gabana. Wasu na cewa kamar an yafa masa mayafi, sautin saman bai fito ba. Na fahimci abin da suke nufi a mintunan farko, musamman da na taso daga mai sheƙi. Bayan minti ashirin mayafin ya ɓace, kunnena ne ya dawo hayyacinsa. A gefe akwai HD 800 S, wanda aka fitar bayan HD 800 na 2009 aka ƙara masa wani ɗan rami mai shanye tsinin da ke wajajen 6,000 Hz. Wannan ya kwantar min da hankali ta wata fuska: ashe ba kunnena ne ke da fitina ba, su kansu maƙeran sun san da wurin.

Sai batun zama a kai, wanda na zo ina raina shi. Wani babban hedifon mai faifan maganaɗisu ya ba ni sauti mai kauri da sanyi, babu ƙaya ko ɗaya, amma ya haura rabin kilo. Kafin rabin awar ta cika wuyana ya sanar da ni, tsakiyar kaina kuma ta yi zafi a daidai inda bakansa mai ratsa kai ya sauka. Wani kuma mara nauyi ne amma yana matse muƙamuƙi. Ina sa tabarau, sandunansa na ɗaga soson kunne kaɗan, iska ta samu hanya, sautin ƙasa ya zube, abin da ya rage sai ya ƙara kaifi. Soson kansa ma yana sauya sauti: na fata ya fi rufewa amma yana tara zufa, na karammiski yana shan iska, kuma duk soson da ya kwanta saboda tsufa ya matso da lasifikar kusa da kunne, sautin ba zai zama yadda yake yana sabo ba. Na tuna tsohon nawa bai taɓa ganin sabon soso ba.

Wani matashi a wurin ya nuna min zanen awon sauti a wayarsa, yana kwatanta kowane hedifon da ma'aunin Harman, wanda masanin sauti Sean Olive da abokan aikinsa suka fitar daga gwajin abin da masu sauraro suka fi so. Zanen na da amfani, ya nuna min tsinin da ke cikin na farkon nan ƙarara. Amma da kunnen roba ake awon, ramin kunnen kowa kuwa da irin nasa, saboda haka wurin da ya soke ni wani zai wuce shi lafiya. Na ɗauki zanen a matsayin mai nuna hanya, in rage jerin waɗanda zan gwada.

Da yamma, mutane sun fara raguwa, na zauna gaban hedifon Empyrean na kamfanin Meze. A garin Baia Mare na Romaniya ake haɗa shi, ya fito a 2018, nauyinsa giram 430. A hannu na ji nauyin, na ɗan ja baya. A kai kuwa sai ya ɓace, domin faffaɗar fatar da ke ƙarƙashin bakan ta shimfiɗa nauyin daga gefe zuwa gefe, babu wuri guda da ya ɗauka shi kaɗai. Kunnena ya shige cikin soson gaba ɗaya bai taɓa komai ba. Yana zuwa da soso kala biyu da maganaɗisu ke riƙewa, na gwada duka, na tsaya a kan mai laushin. Na kunna tsuntsaye, na kunna kiɗa, na kunna wata doguwar hira da na san tana da kaushi. Ba zan ce ya fi kowa fito da ƙananan abubuwa ba, na farkon nan ya fi shi a wannan. Amma da mai kula da teburin ya taɓa kafaɗata cikin ladabi ya ce za su rufe, sai na ga na yi minti hamsin, kuma hannuna bai je wajen rage ƙara ba ko sau ɗaya.

Na kwana ina juya shi da HD 650 a raina. Da safe na koma na sake ba kowannensu rabin awa, da tabarau a fuskata. Rashin matsi a muƙamuƙi ne ya raba gardamar, na ɗauki Empyrean.

A jirgin dawowa ban iya amfani da shi ba. Buɗaɗɗen baya ne, ƙarar ƙafafun jirgi za ta cika shi, maƙwabcina kuma zai ji duk abin da nake ji. Na rungume akwatinsa a cinya, na jingina da taga ina kallon fitilun ƙananan tashoshi suna wucewa. Da muka tsaya a tashar da dattijon ya sauka na leƙa ko zan gan shi, babu kowa sai ma'aikaci ɗaya da tocila. Kwana uku bayan na dawo ina gyara wata hira mai tsawo, na ɗaga kai don in ga ko la'asar ta yi, na tarar rana ta riga ta faɗi.