Asabar: salak mai tuffa, walnat da cuku

Yau salak ne abincin rana, shi kaɗai, ba ɗan rakiya a gefen faranti ba. Ƙanwata ta zo hutun ƙarshen mako, da na faɗa mata da safe sai ta ɗaga gira ta ce, "Yaya, ganye kawai?" Na ce ta zo ta kama mini aiki tukuna. Abin da na tanada tun jiya: latas mai dogon ganye, ƙananan ganyen alayyahu masu laushi da ake iya ci ɗanye, ɗan arugula (wani ganyen salak mai ɗan yaji), tuffa, rumman, walnat (wata ƙwaya mai maiƙo kamar gyaɗa da ake samu a bishiya), farin cukun feta mai gishiri da jar albasa ƙarama.

Da ganyen na fara, tun da hantsi, domin shi ne ya fi cin lokaci duk da ba ya hawa wuta. Na ɓare latas ɗin ganye-ganye, na cika babban kwano da ruwan sanyi, na zuba, na motsa da hannu, na bar shi ya ɗan zauna. Ƙasa da yashi suna sauka gindin kwano, saboda haka tsamo ganyen ake yi da hannu. Idan aka juye kwanon gaba ɗaya cikin kwando, dattin da ya kwanta zai sake bin ganyen. Na canza ruwa har sai da na ga gindin kwanon fes. Arugulan ya ɗan yi yaushi a firji, shi na bar shi cikin ruwan sanyin kamar minti 15, ya sha ruwa ya miƙe. Yaushin ganye rashin ruwa ne a cikin ƙwayoyinsa, muddin bai fara ruɓewa ba yana dawowa.

Sai busarwa. A nan ne salak ke gyaruwa ko ya lalace, kuma nan ne aka fi yin gaggawa. Ruwan haɗin da za a zuba mai ne mafi yawansa, mai kuwa ba ya kama jiƙaƙƙen ganye. Zamewa zai yi ya taru a gindin kwano tare da ruwan wankin, sai a ci saman salak lami, a tarar da tafki a ƙasa. Akwai kwando mai juyawa da ake sayarwa don wannan aikin, amma tawul mai tsabta ma yana yi. Na shimfiɗa tawul, na jera ganyen ba tare da wani ya hau wani ba, na naɗe a hankali, na sa a firji. Ƙanwata ta ce wannan ai gata ne ya yi wa ganye yawa. Na ce idan an zo ci za ta ji bambancin a haƙori.

Ina sa ganyen a firji na ga tuffa a aljihu ɗaya da ragowar latas, na raba su. Tuffa na fitar da wata iska mai suna etilin, wadda ke sa 'ya'yan itace nuna, ita ce kuma ke sa jijiyar latas ta yi ɗige-ɗige kalar tsatsa idan sun kwana tare.

Na koma kan walnat. Kafin komai na ɗauki ɗaya na tauna. Wajen kashi 65 cikin 100 na walnat mai ne, kuma irin man da ke saurin tsufa idan ya sha iska da zafi. Wanda ya tsufa yana da wari da maƙaƙi a maƙogwaro, gashi ba ya gyara shi, kuma ƙwara kaɗan sun isa su ɓata kwano guda. Nawa lafiya lau, don a firji nake ajiye shi. Na baza a faranti na sa a oben mai zafin digiri 180. Minti 8 zuwa 10 ake ba shi, amma hanci ya fi agogo: da zarar ƙamshi ya fara fita, aiki ya kusa ƙarewa, kuma tsakanin garɗi da ƙauri minti ɗaya ne. Ina fitarwa na juye a faranti mai sanyi, don idan aka bar shi a kan mai zafin zai ci gaba da gasuwa. Da ya ɗan huce na zuba a tawul na murza. Siririyar fatar nan ta jikin walnat ita ke da bauri, murzawar tana cire wani ɓangare nata. Ban damu in cire duka ba, ɗan baurin yana da amfani kusa da zaƙin tuffa. Na kakkarya da hannu, manya-manya, ban sa wuƙa ba, domin wuƙa tana mai da shi gari.

Ƙanwata na ba aikin rumman. Na nuna mata ta tsaga shi huɗu ta ɓare a cikin kwanon ruwa: 'ya'yan suna nutsewa, farin ɓargon yana tasowa sama, kuma jan ruwan ba ya fallatsa a riga. Tana cikin yi ta ce, "Yaya, mu ƙara abarba mana, akwai a firji." Na ƙi. Ruwanta ya yi yawa, zai rusa duk wahalar da muka sha ta busar da ganye. Ban da haka, ɗanyar abarba tana da sinadarin da ke farfasa furotin, kiwi da gwanda ma haka, idan suka daɗe tare da kayan madara sukan jawo ɗaci. A salak mai cuku na fi son ɗan itace mai tauri wanda ke riƙe ruwansa: tuffa, inabi da aka raba biyu, rumman. Idan busasshe ne kamar zabibi, kaɗan ya isa, don zaƙinsa a tattare yake.

Ruwan haɗin a kwalba mai murfi na yi shi. Ƙa'idar da aka gada daga girkin Faransa ita ce kashi 3 na mai, kashi 1 na binega, wato ruwan khal mai tsami. Ni yau na matsa kusa da 2 da 1, saboda akwai cuku da walnat masu maiƙo, ga tuffa da rumman masu zaƙi, dole a samu tsamin da zai tsaya musu. Binegar na fara zubawa, cokali 2, sai gishiri, na girgiza ya narke. Gishiri ba ya narkewa a mai, idan aka sa shi daga baya sai a riƙa jin sa tsaki-tsaki. Na sa shi kaɗan ƙwarai don feta na tafe da nasa. Sai ƙaramin cokali na mustad (wani kwaɓi mai ɗan yaji), rabin ƙaramin cokali na zuma, masoro, sannan man zaitun cokali 4 da ɗan ɗoriya. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Mustad ɗin ba don ɗanɗano kaɗai ba ne, shi ke riƙe mai da binega su zauna tare su yi kauri, in babu shi minti kaɗan za su rabu, mai a sama, tsami a ƙasa. Na rufe na girgiza har ya yi kauri. Da ganye na ɗanɗana, ba da cokali ba. A cokali kullum sai ya yi kamar tsaminsa ya yi yawa, a jikin ganye ne ake sanin gaskiyarsa.

A kan zumar muka ɗan ja. Ita tana son a ninka, ni kuma ina ganin wannan ne ciwon yawancin salak masu 'ya'yan itace da ake sayarwa: ɗan itace mai zaƙi, busasshen ɗan itace mai zaƙi, walnat da aka lulluɓe da sukari, sannan ruwan haɗi mai zaƙi, har mutum ya rasa inda ganyen ya shiga. Ganye shi ne mai gida a kwanon nan, sauran duk baƙi ne. Na bar zumar yadda take, na ce idan ta ci ta ji bai isa ba ta ɗiga a farantinta.

Albasar na yanka siri-siri, rabi kawai, na jiƙa a ruwan sanyi minti 10 don zafinta ya ragu, na tsane, na matse a tawul.

Da na buɗe fetan ƙanwata ta karanta jikin robar ta tambaye ni me ya sa aka rubuta Girka da manyan baƙaƙe. Tun 2002 Tarayyar Turai ta keɓe sunan feta ga cukun da aka yi a wasu yankunan Girka, da madarar tumaki, ko a haɗa da ta awaki da ba ta wuce kashi 30 cikin 100 ba, kuma sai ya yi aƙalla wata 2 yana nuna kafin a sayar. Jamus da Denmak sun kai ƙara, kotun Tarayyar ta tabbatar wa Girka a 2005. Akwai farin cuku na madarar shanu mai kama da shi, yana yin aiki, sai dai bai kai shi tsami da ƙamshi ba. Na tsamo daga ruwan gishirinsa, na goge, na mayar firji, don da sanyinsa ya fi marmasuwa da kyau. In ya yi ɗumi shafewa yake a yatsa. Da wani cukun ne a hannuna da lissafin ya canza. Parmigiano na Italiya, wanda ba a sayar da shi sai ya yi aƙalla wata 12, fere shi ake yi falle-falle. Roquefort na Faransa mai shuɗin zane kuwa ƙarfinsa ya isa a rage yawansa a ƙara zaƙin ɗan itace.

Tuffa ce ƙarshen yanka. Na zaɓi koriya mai tsami, Granny Smith, wadda asalinta Ostireliya ne. Da wuƙa ta ratsa tuffa, wani sinadari a cikinta ke haɗuwa da iska ya fara mai da ita ruwan ƙasa. Tsami yana rage masa gudu, saboda haka ina yankawa ina yayyafa lemon tsami. Ban fere bayan ba, ina son launin da taurin. Haɗin tuffa da walnat tsoho ne, an fi sanin sa da salak ɗin otal ɗin Waldorf na birnin New York. Abin dariya, yadda aka fara rubuta shi a 1896 tuffa ne da seleri da mayonis kawai, walnat daga baya ya shigo.

Sai da kowa ya zauna a tebur sannan na haɗa, kuma haɗawar ba ta kai minti 2 ba. Na fara ware rabon maigida da zai dawo da yamma: ganye daban, tuffar da ba a yanka ba, walnat a kwalba, cuku a firji. Sauran ganyen na yayyage da hannu a kwano mafi girma da nake da shi, na zuba rabin ruwan haɗin ta gefen kwanon, na sa hannu ina ɗagowa daga ƙasa har kowane ganye ya yi sheƙi. Hannu ya fi cokali, ba ya ƙuje ganye, kuma yana jin inda mai bai kai ba. Rabin ya isa, ban ƙara ba. Na sa tuffa da albasa na juya sau ɗaya, na raba a faranti, sannan na barbaɗa walnat, rumman da feta a sama. Idan aka cakuɗa su tun a kwano nauyinsu ke kai su ƙasa, mai ɗiban farko ya samu ganye zalla, na ƙarshe ya kwashe daɗin, fetan kuma ya dame ya ɓata launin komai.

Dalilin jira har ƙarshe shi ne ganye ba ya jure ruwan haɗi. Gishiri yana zuƙo ruwan cikinsa, mai kuma yana ratsa siririn kakin da ke bayan ganyen ya shige ciki, ya sa shi duhu da laushi. Mutane sun fi zargin binega, amma man ya fi ta saurin kwantar da ganye. Bayan minti 15 zuwa 20 salak ya fara sauka.

Ya yi daɗi. Latas ɗin ƙaras-ƙaras da sanyinsa, arugula na ɗan yaji irin na danginsa su mustad, feta na kawo gishiri nan da can, rumman na fashewa a baki. Ƙanwata ta ɗiga zumarta a rabin farantin, ta ce nata ya fi, na ce kowa da harshensa. Ta tambaya ko ba zai fi lafiya ba a cire man. Ba zai fi ba. Bitamin K da sinadarin karotin da ke cikin koren ganye a mai suke narkewa, jiki ya fi ɗaukar su idan akwai maiƙo a abincin. Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini na alayyahu kuwa bai kai yadda ake zuzuta shi ba, jiki kaɗan yake iya ɗauka, ko da yake bitamin C na lemon tsami yana taimakawa.

Ta ce mu kai wa Inna ta ɗanɗana. Na ce sai dai ɗan kaɗan, domin tana shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, kuma bitamin K yana rage masa ƙarfi. Ba hana masu shan sa cin ganye ake yi ba, abin da ake so kada yawan ganyen ya yi tsalle daga rana zuwa rana. Muka zuba mata a ƙaramin kwano, tuffa da rumman sun fi yawa, ƙanwata ta kai da sauri kafin ya kwanta.

Da yamma maigida ya dawo na haɗa masa nasa sabo. Ganyen da ke naɗe a tawul yana nan yadda na bar shi. Shi ya fi son walnat, ya nemi ƙari, na ba shi sauran. Ruwan haɗin da ya rage na sa a firji, zai yi kwanaki. Man zaitun yakan daskare a sanyi, saboda haka gobe sai na fito da kwalbar tun kafin in fara wankin ganye, ta saki, in sake girgizawa. Akwai ragowar latas da rabin feta, tuffa ta ƙare, inabi zan sa.