Kwanan Tanti a Kilimanjaro da Jakar Gashin Agwagwa

A ƙofar Machame, inda ake shiga gandun Kilimanjaro ta kudu maso yamma, sikeli ne ke fara tarbar matafiyi. Hukumar gandun ba ta yarda a ɗora wa ɗan dako fiye da kilo 20 na kayan baƙi ba, don haka kowane ƙunshi sai an rataye shi an ga nauyinsa kafin a wuce. Ni da ƙanena muka koma gefe ana ta aune-aune, ana ɗan yayyafi. Wurin yana kan tsayin kimanin mita 1,800, ga dogayen itatuwa, ga laima, gumi na keto mutum tun bai ɗaga ƙafa ba. Da wuya wanda ke tsaye a nan ya yarda cewa can sama ruwan gora ma daskarewa yake yi.

Jakunkunan barcinmu, waɗanda ake shiga ciki a kwana don tare sanyi, ba su yi kama ba ko kaɗan. Tawa ta lallausan gashin agwagwa ce, nauyinta bai cika kilo ɗaya da rabi ba, kuma in na matse ta sai ta shige gindin jakar goyona har da sauran wuri. Tasa ta zaren roba ce, ƙatuwa, ta cinye rabin buhun kayansa, an rubuta -20, wato digiri 20 ƙasa da sifili, ɓaro-ɓaro a jikin marufinta. Ya dubi tawa ya yi dariya.

"Yaya, wannan 'yar abar ce za ta tare maka sanyin dutse?"

Na ce masa mu je dai.

Zagayen farko kuwa shi ya ci. Cikin kurmin da ke tsakanin ƙofa da zangon Machame ruwa ya sauko sosai, irin wanda ke bi ta ɗinkin jaka ya sami abin da ke ciki. Da muka isa zango, a tsayin kusan mita 3,000, gefen jakarsa ya jiƙe, amma ya girgiza ta, ya shige, ya yi barcinsa. Zaren roba ko ya sha ruwa ba ya kwantawa gaba ɗaya, kuma yana saurin bushewa. Gashin agwagwa ba haka yake ba. In ya jiƙe sai ya dunƙule ya manne wa juna, ɗumin ya tafi, kuma a kan dutse babu inda za ka busar da shi cikin dare guda. Shi ya sa tun daga ƙasa na sa tawa cikin buhun da ruwa ba ya ratsawa, na naɗe bakinsa, sannan na cusa a jakar goyo. Yanzu akwai gashin da ake yi wa wani shafe don ya daɗe bai sha laima ba, nawa ma irinsa ne, amma shafen jinkirta jiƙewa kawai yake yi. Duk wanda tafiyarsa ta cikin damina ce, ko bakin ruwa, kuma nauyi bai dame shi ba, ni dai ba zan hana shi sayen ta roba ba.

Washegari itatuwa suka fara gajarta, hanya ta miƙe kan duwatsu, har muka ɓulla filin Shira a kusan mita 3,800. Da rana wurin da daɗi. Rana na faɗuwa a bayan dutsen Meru sai iska ta canza baki ɗaya. A ƙa'ida, duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska na raguwa da kimanin digiri 6 da rabi, ga shi sararin sama tas babu gajimaren da zai riƙe ɗumin da ƙasa ta sha da rana. Kafin asuba raɓa ta daskare a jikin tanti, in ka taɓa sai ta zubo gari-gari.

Daren nan ƙanena bai runtsa sosai ba. Ina jin sa yana juyi, yana jan hanci, can ya tashi ya ƙara riga. Da gari ya waye na ce ya miƙo jakar, muka juya ta, muka nemo 'yar takardar da aka ɗinka kusa da zif. Lambobi uku ne a jere: +2, -4, -20.

Abin da ke bayan lambobin nan ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan ake yi wa masu saye rufa-ido ba tare da an yi musu ƙarya ba. Akwai ma'aunin gwaji da Turai ta fara da shi, EN 13537, wanda ISO 23537 ya maye gurbinsa a 2016. Ana sa mutum-mutumi mai ɗumi, sanye da kayan ciki masu dogon hannu, a cikin jakar, a kwantar da shi kan shimfiɗa mai kauri a ɗakin sanyi, a auna yawan ɗumin da ke tserewa. Daga nan ake fitar da lambobi uku. Ta farko ita ce ta jin daɗi, wato sanyin da mace mai matsakaicin jiki za ta kwana a sake ba ta ji shi ba. Ta biyu ita ce iyaka, inda namiji zai iya barcin awa takwas amma a takure, ya naɗe ƙafafu. Ta uku kuwa ba ta barci ba ce sam, ta tsira da rai ce: awa shida ana rawar ɗari, kuma ana iya fita da lahani a yatsu. Ita ce aka ɗauko aka buga da manyan haruffa a marufin jakar ƙanena, saboda ita ta fi burge ido. Tawa lambarta ta jin daɗi -8 ce, kuma ita kaɗai na duba ranar da na zaɓa. Na tambayi kaina wane dare ne zai fi kowanne sanyi a tafiyar, na nemi jakar da lambarta ta farko ta kai can, na ƙara 'yar rata. Mutum-mutumi ba ya gajiya, ba ya rasa sha'awar abinci, ba ya fama da ƙarancin iska. Mu kuwa duk ukun sun same mu, kuma kowannensu na rage ɗumin da jiki ke samarwa.

Daga Shira aka hau da mu har gindin wani tsauni da ake kira Lava Tower, wajen mita 4,600, don jiki ya saba da tsayi, sannan muka gangara kwarin Barranco. Kaina ya yi ta sarawa a wannan hawa, ban ga komai ba sai dugadugan na gabana. A gangaren ne idona ya buɗe, saboda wasu tsirrai da ban taɓa ganin irinsu ba: kututture dogo, ganye kore a ka, jikin kuma lulluɓe da matattun ganyaye da ba su zube ba. Jagoranmu ya cusa hannu cikin busassun ganyayen ya nuna mana kaurinsu. Su ne ke kare ruwan da ke cikin kututturen daga daskarewa da dare. Tsiron ba shi da wuta a ciki, iskar da ta maƙale tsakanin ganyayen ce ke aikin.

Jakar barci ma ba ta da ɗumin kanta. Jikinka ne murhun, ita aikinta ta tsare iskar da ka ɗumama kada ta gudu, kamar dai yadda kaza ke kumbura gashinta in sanyi ya taso. Gashin da ake zubawa a ciki ba fiffike ba ne mai tsinke a tsakiya. Wanda ke ƙarƙashinsa ne, na ƙirjin agwagwa ko dinya, mai silili bila adadin da ke bazuwa ta ko'ina. A takardar jaka za ka ga 90/10 ko 80/20, ma'ana kashi nawa ne lallausan, kashi nawa ne ƙananan fuka-fukai. Za ka kuma ga wata lamba, 600 ko 700 ko 800 har sama, wadda ke nuna ƙarfin kumburi. Oza ɗaya ta gashi mai lamba 800, wato giram 28, tana cika wurin da ya kai lita 13, mai lamba 600 kuwa ba ta kai lita 10 ba. Mutane da yawa na ɗauka babbar lamba ita ce ɗumi. A'a. Jaka mai 850 da aka zuba wa gashi ɗan kaɗan za ta bar ka kana kaɗuwa, mai 650 da aka cika ta dam za ta riƙe ka. Abin da babbar lamba ke saya maka shi ne rashin nauyi da ƙanƙantar ƙunshi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai goya kayansa da kansa. Saboda haka lambobi biyu ake haɗawa: ƙarfin kumburin, da giram nawa aka zuba. Tawa 800 ce, da gashi wajen giram 750. Na kuma duba ko tana da tambarin RDS, wanda ke nufin ba a fige tsuntsun da ransa ba, ba a kuma yi masa ɗure ba.

Al'adata a kowane zango ita ce da zarar an kafa tanti in zaro jakar in karkaɗe ta in shimfiɗa, tun da sauran rana. Gashin da ya yini a matse yana buƙatar lokaci kafin ya tashi.

Katangar Barranco, wadda ake hawa da hannu da ƙafa, ta fi ban tsoro daga nesa. Mun haye lafiya, muka sauka Karanga. A nan ne sanyi ya zo mini ta inda jakata ba ta da abin yi, wato ta ƙasa. Zangon a karkace yake, cikin dare na zame daga kan shimfiɗa, kafaɗata da ƙuguna suka koma kan dandaɓar tanti. Sama ɗumi, ƙasa kamar an jingina ni da ƙarfe. Dalilin a fili yake: gashin da ka kwanta a kai ya mutu, nauyinka ya kore iskar da ke cikinsa, saura ƙyalle biyu kawai tsakaninka da dutse. Shimfiɗa ce ke tsaron wannan ɓangare, kuma ita ma tana da lambarta da ake rubutawa da harafin R. Mai 2 ta lokacin zafi ce, wurin da ƙasa ke daskarewa kuwa ana neman 4 zuwa sama. Lambobin suna haɗuwa, in ka ɗora ɗaya kan ɗaya. Abin da jagoranmu ya yi wa ƙanena ke nan: ya samo masa ƙarin shimfiɗar soso ya sa a ƙarƙashin tasa, ya cika masa gora da ruwan zafi ya ce ya sa a cikin safa ya ajiye tsakanin cinyoyinsa. Ya kuma hana shi abin da yake yi tun Shira, wato cusa kai cikin jaka yana numfashi a ciki. Tururin baki yana jiƙa abin da ke cikin jakar, kafin asuba ya zama sanyi.

"Yaya, ashe rabin jakar a ƙasa take," in ji shi da safe, idonsa ya ɗan washe.

Barafu ne zango na ƙarshe kafin ƙololuwa, kusan mita 4,670, tsakuwa da duwatsu zalla, babu ko ciyawa, iska na dukan tanti ba ƙaƙƙautawa. Ana kwanciya da magariba a tashi tsakar dare, don haka 'yan awoyin nan suna da tsada. A nan ɗinkin jaka ya nuna kansa. Tawa mai faɗi ce a kafaɗa, ta tsuke zuwa ƙafa, babu wani fili da jiki zai yi ta wahalar ɗumamawa a banza. Tana da hula da ake zuge igiyarta har sai hanci da baki kawai suka rage a waje, da wata kwala mai gashi da ke zagaye wuya tana hana ɗumi fita duk lokacin da na motsa, da wani dogon matashi da ya bi bayan zif. Gashin kuma a cikin ɗakuna yake masu bango tsakaninsu. A jakunkuna masu arha, ƙyallen sama da na ƙasa ake haɗawa a ɗinke, kowane layin ɗinki ya zama ƙofar sanyi. In kana son ganewa, ɗaga jakar ka saita ta da haske: duk inda haske ya ratso, nan sanyi zai bi.

Tsawo ma abin dubawa ne. Kafin in saya sai da na shiga cikinta na zuge, na juya dama da hagu, sanye da rigar sanyin da zan kwana da ita. In ta matse ka, kafaɗa da gwiwa za su danne gashin. In ta yi maka yawa, ƙafafunka za su kwana a fili mai sanyi. Na bar ɗan wuri a ƙasa da ya isa in tura batirin fitila, waya, da safar da zan sa da dare, don sanyi na cinye caji.

Hawan ƙarshe ba na jaka ba ne, an bar ta a tanti. Muka bi sahun fitilu cikin duhu, taku kaɗan a tsaya a ja numfashi, muka kai Stella Point, a bakin ramin da ke saman dutsen, gari na wayewa, daga nan muka lallaɓa zuwa Uhuru, ƙololuwar dutsen, mita 5,895. Ban daɗe ba a can. Yatsuna sun ƙi riƙe waya, ƙanena ne ya ɗauki hotunan.

A gangarowa ta hanyar Mweka iska ta dawo da nauyinta, barci ya zo da sauƙi har na kwana da zif a buɗe. Da rana ta fito na juya cikin jakar waje na shanya ta kan tanti, saboda gumin dare da dare yana taruwa a cikin gashi ko ba ka ji ba, kuma a hankali yake rage kumburinsa. Ƙanena na zaune yana kallo, yana tambayar yadda ake wanke ta. Na ce ba sau da yawa ba, kuma da sabulun da aka yi don gashin, a busar da ita a hankali ana warware dunƙulen har sai babu sauran laima. Ƙaramin buhun matsewa na hanya ne kawai. In an koma gida, babban buhun auduga ko na raga ake sa ta a sake, ko a rataye ta inda iska ke shiga, don gashin da ya yi watanni a matse ba ya komawa yadda yake.