Kukar siminti da giwayen gaske: abin da na gano a bayan dajin Disney

Daga birnin Atlanta na Amurka muka kamo hanya bayan sallar asuba, ni da ɗan ƙanwata da ke karatu a can, muka miƙe kudu sai jihar Fulorida, ba mu shiga Orlando ba sai wajen la'asar. Zafin garin irin mai gumi ne, kana tsaye riga na manne maka a baya.

Washegari muka nufi Animal Kingdom, ɗaya daga cikin wuraren wasan Disney guda 4 da ke wurin, shi a 1998 aka buɗe shi. Ni dai lilo da jirgin nan mai wulwula mutum sama ba su dame ni ba, shekaruna sun wuce nan, dabbobi na zo gani. Aka loda mu a wata babbar mota buɗaɗɗiya aka shiga daji, ga raƙuman dawa ga karkanda ga shanun nan na Ankole masu ƙahoni kamar a zana, can sai na hango kuka tsaye ba ganye, na ce ikon Allah har nan ta biyo mu. Yaron ya kwashe da dariya ya ce "Kawu ai siminti ce, gina ta aka yi." Wallahi da ba a faɗa min ba sai in rantse ta yi shekara ɗari a wurin. Su ma bishiyoyin masu faffaɗan kai na ƙasar ne, aske su ake yi har su ɗauki siffar na gabashin Afirka. Duwatsun da zakuna ke kwanciya a kai kuwa akwai sanyi da ake hura musu, shi ya sa gogan naka ke baje a daidai inda 'yan kallo za su gan shi, ba wai don yana son mutane ba.

Amma inda kuɗina ya biya shi ne zagayen ganin giwaye da ake kira Caring for Giants, ana biyan shi daban. Tun a ƙofa aka ba mu katin suna na maƙalawa a ƙirji, wai da kashin giwa aka yi takardar, na shinshina kuwa, ba wari ko kaɗan. Aka ce kowa ya mayar da waya aljihu, ba a ɗaukar hoto a hanyar baya, muka bi ta wata ƙofa sai ga duniyar ta canza gaba ɗaya, kwalta, shingen ƙarfe, motocin ɗiban ciyawa, ma'aikata da takalman roba kowa na sauri ba mai yi maka murmushin talla.

Matar da ke mana bayani ta ce giwayen ba a dajin suke kwana ba, suna da ɗakunansu, kuma an koya musu miƙo ƙafa a duba a gyara farce, su juyo kunne a ɗebi jini daga bayansa ba tare da an ɗaure su ba, ladan kawai abin taɓawa ne. Muna tsaye wata uwa ta ɗebi ƙasa da hanci ta watsa a bayanta, ɗanta ya gwada shi ma duk ta zube masa a fuska. Wata 22 ta yi da cikinsa fa! Ta kuma ba mu labarin manoman Kenya da ke kewaye gonakinsu da amya saboda giwa na tsoron ƙudan zuma, ita ta tsira su ma amfanin gonarsu ya tsira har da ribar zuma a kai. Wannan dabarar ta burge ni fiye da komai.

Daga nan muka hau ɗan jirgin ƙasa zuwa asibitin dabbobi, gilashi ne tsakaninka da likitoci kana kallon aikinsu, sai dai da safe aka fi samunsu, mu tebur kawai muka tarar. Ko lemo ka saya ba za a ba ka tsinken roba ba sai na takarda, balan-balan ma ba a shiga da shi kar wata dabba ta haɗiye.

Wajen ƙarfe huɗu hadari ya haɗo aka tsuge da ruwa, muka saya ledar ruwan sama da tsadar da har yanzu ban faɗa wa maman yara ba, muka lallaɓa muka nemi motar da za ta mai da mu masauki.