Farfaɗiyar cikin barci: daga ina take tasowa?

Yaro na barcinsa, can cikin dare sai ya zabura da ihu, ƙafafu na harbawa kamar mai tuƙa keke. Kafin a lalubo tocila ya lafa. Gobe ma haka, motsin iri ɗaya sak, wani lokaci sau biyar a dare guda. A gidaje da yawa sai a ce iska ce, a kawo hayaƙi. Abin takaici, sau da dama farfaɗiya ce mai jin magani.

Bugun yakan taso daga sashen gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, inda ake tsara motsin jiki. Shi ya sa yake zuwa da fizge-fizge, kuma da wuya ya kai minti 2. Kusan kashi 70 cikin 100 na irin wannan bugu daga gaban ƙwaƙwalwa suke tasowa. Yawancin ragowar daga gefe ne, saitin kunne, ko daga wani lungu mai zurfi da ake kira insula.

Me ya haɗa shi da barci? A barcin da ba na mafarki ba, talamus da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa kan sa ƙwayoyinta su riƙa sakin lantarkinsu a kan kiɗa ɗaya, kamar mata masu lugude. In akwai wuri mai tabo, ko wanda bai ginu daidai ba tun a ciki, wannan haɗin baki ne ke ba tartsatsinsa hanyar bazuwa. A barcin mafarki kowace ƙwaya na harkarta, don haka bugu ba ya cika faruwa. Tabon na iya zama na sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, doguwar naƙuda ko buguwar kai. Akwai kuma na gado: a 1995 aka gano tangarɗa a ƙwayar halittar gado mai suna CHRNA4 a wani dangi a Ostireliya.

Gwajin EEG, mai auna lantarkin ƙwaƙwalwa, na iya nuna lafiya lau, saboda tushen na da zurfi. Don haka a ɗauki bidiyo da waya, fitila a kunne, a yaye bargo, jiki duka ya fito, a rubuta ƙarfe nawa. Wannan zai taimaka a bambance shi da firgitar barci, wadda ba farfaɗiya ba ce: ita takan zo sau ɗaya a farkon dare, ta daɗe, kuma salonta na sauyawa.

Likita yakan fara da maganin carbamazepine, kaso mafi yawa da dare. Tsallake shan magani da rashin isasshen barci ke dawo da bugun. In ya zo, a juya mutum kan gefensa, kada a bar shi rub da ciki, kada a cusa cokali a bakinsa. Ya wuce minti 5, sai asibiti.