Yawon bakin ruwa a Jidda, inda nake samun na tuwo

Ni dai sana'ata yawo da mutane. Motoci biyu gare ni, Hiace ɗaya da wata tsohuwar Camry, ni da ɗan wana muke ja, kuma yawancin kwastomomina 'yan Umra ne daga Kano da Zariya da Maraɗi waɗanda suka gama ibada jirginsu sai gobe ko jibi suna zaune a otal ba abin yi. Abin da suka sani a Jidda biyu ne kawai, filin jirgi da kasuwar Balad, a sayi gwal da turare da jallabiya a ɗaure kaya a wuce. Ni nake ce musu ku zo in kai ku ku ga inda masu kuɗin garin ke kwana.

Amma fa daga Balad ɗin nake farawa, don nan manyan 'yan kasuwa suka fara zama tun garin na cikin ganuwa. Tun zamanin Sayyadina Usman aka mai da Jidda tashar jiragen ruwan Makka. Sai in nuna musu Baitu Nasif, gidan da Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, da tagogin katakon nan masu fitowa waje da ake ce wa roshan, bangon kuma da dutsen cikin teku aka gina. A 1947 aka rushe ganuwar, daga nan kuɗi suka fara tafiya arewa suna bin gaɓar ruwa, mu ma haka muke bi da mota.

Hamra muke isa bayan la'asar rana ta yi sanyi. Unguwa ce shiru, dogayen katangu, ƙofa a rufe, ba za ka ga yaro na wasa a layi ba irin na Karantina ko Hindawiya inda mutanenmu suka zauna a da. A bakin Kornish, wato titin gaɓar teku, akwai manyan sassaƙe-sassaƙe na ƙarfe da dutse, magajin garin Jidda na da Muhammad Sa'id Farsi shi ya tattaro su, har da aikin wani Bature ɗan Ingila Henry Moore. Wata Hajiya ta taɓa tsayawa ta ƙura wa ɗaya ido ta ce ɗan nan wannan kuma mene ne, na ce ado ne Hajiya, ta ce to Allah ya kyauta, ko hoto ba ta yarda an ɗauke ta a wurin ba.

Abin da kowa ke jira shi ne ruwan Sarki Fahad, wanda ke feshi sama daga cikin Bahar Maliya tun 1985, tsayinsa kan kai mita 312, da dare a haska shi da fitilu wlh sai ka ga dattijo da gemu ya saki baki. Daga nan mu miƙe arewa zuwa Shaɗi mu yi isha a Masallacin Rahma, wanda aka ɗora kan ginshiƙai cikin ruwa, in teku ta cika kamar yana iyo. A hanya ne muke wuce filin tseren motocin da aka fara a 2021, wannan matasa kaɗai ke damuwa da shi.

Wahalar aikin, ruwan nan ba kullum yake tashi ba, wani lokaci a kashe shi don gyara. Ranar nan na kwaso mutum goma sha ɗaya na cika musu baki tun daga otal, muka iso tekun kwance lakadan ba ko ɗigo a sama. Wani Alhaji ya ce malam direba ina ruwan, na ce ga shi nan gabanka Alhaji bai dai miƙe ba ne, ba wanda ya yi dariya. Dole na rage musu kuɗin mota, na kuma tsaya a Albaik na saya musu kaza daga aljihuna. Tun daga ranar sai na tura ɗan wana ya leƙo da Camry kafin in ɗauki kowa.